Gadar Kwanar Tsamiya da Oba-Oba

Ku matso ku ji, ku 'yan zamanin waya a aljihu. A lokacin da nake ba ku labari, duk Kwanar Tsamiya abin magana da nesa ɗaya ne, oba-oban Sallau mai gadin gandun daji.

Wata ranar kasuwar Dogon Marke, bayan azahar, ruwa ya tafi da gadar da ke tsakanin garuruwan biyu. Gadar kuwa a bayan kwana take, direba ba ya ganinta sai ya hau. Da la'asar motar 'yan kasuwa za ta taso daga Dogon Marke, kuma a cikinta akwai Talle matar Tanko da goyonta. Tanko ya tsaya bakin rafi, ya rantse duk wanda ya tsayar da motar nan ya ba shi bijiminsa.

Sallau ya fito da oba-oba, ga shi doka ta hana a yi amfani da ita sai kan aikin daji. Ya ce in korarsa za a yi, a kore shi. Aka murɗa, shiru, batir ya mutu.

Mati mai gyaran rediyo ya ciro batirin babur ɗinsa, ya yi 'yan ƙulle-ƙullensa da waya har yatsunsa suka ƙone, abu ya ɗauka. Da yake garin a kwari yake, magana ba ta fita, ya rungumi batirin ya bi Sallau har kan dutse.

Sallau ya danna ya fara, “Salamu alaikum, an wuni lafiya? Ya aiki?”

“Kai Sallau, bar gaisuwar nan!” in ji Tanko. “Ka ce gada ta karye!”

Ya faɗa, ya sake faɗa, babu amsa har batirin ya ƙare. Tanko ya koma bakin rafi yana hawaye.

Ashe a ofishin gandun daji na Dogon Marke ma'aikacin ya tafi masallaci. Maza na jin akwatin oba-oban ofishin na ihu, kowa na tsoron taɓa kayan gwamnati. Sai Kande mai tuwo ta kutsa ta ɗauka. Ba ta san ana danna komai ba, ta dai ce masa, “To, na ji,” ta bar tukunyarta a wuta. Ta tarar mota ta tashi, ta yanke ta gonaki da gudu, ta faɗo titi gab da kwana ta tsaya ƙyam, har direba ya taka birki yana zaginta.

Tanko na ɗaga kai sai ya hango mutane sun zagayo kwana a ƙafa, Talle a gaba tana ɗaga masa ɗansu. Tsallake da tsallake aka ɗau kabbara da guɗa, daɗi kamar ya kashe shi.

To, bijimi dai ɗaya ne. Sallau da ya sa aikinsa a kasada, Mati da ya tayar da batir, ko Kande da ta tare mota da jikinta, wa Tanko zai miƙa wa igiya?