Shanun Tunkuza Sun Tafi Kiwo

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu ƙafa duk toka."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

To ku matso. Amma wanda ya ƙara tsokano min wutar nan da kara, da shi zan fara.

Wata shekara Kura ta noma gyaɗa har ta cika rumbu. Kada wanda ya tambaye ni yaushe kura ta fara noma, ni ma haka na ji ta. Tana da 'ya'ya uku, Jatau da Cindo da ƙanwarsu Delu, ga su da ƙiriniya kamar wasu da na sani. Su fasa tulu, su yage tabarma, su hau bayan uwarsu tana barcin rana. A maƙwabta kuwa 'ya'yan Zabuwa suna zaune shiru a gindin tsamiya, suna gina shanu da laka, suna sa musu ƙaho da ƙaya, suna zane a bango da gawayi. Abin nan ya tsaya wa Kura a rai.

Shi kuwa Kurege ya daɗe yana zagaya rumbun nan yana haɗiyar yawu. Ran nan sai ya yi sallama.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, uwar Jatau, na ga kin faɗa."

Ta ce, "Ba dole ba, Malam Kurege? Yaran nan sun hana ni sakat. Dubi na Zabuwa, kamar ba yara ba."

Ya ce, "Ai ni na koya musu. Ke, ɗigon da ke jikin uwarsu ma wa ya yi mata? Ni ne, ɗaya bayan ɗaya, kwana bakwai ban miƙe ba."

Kura ta saki baki. Ta ce, "To ka koya wa nawa. Bari in aika a ɗebo laka."

Ya ce, "Laka? Haba, ranki ya daɗe! Laka ai ta 'ya'yan talakawa ce. 'Ya'yan manya da tunkuza suke gini. A soya gyaɗa, a daka, a matse mai, a kawo."

Da Kura ta ji an ce manya, sai ta gyara zama. Ta buɗe rumbu, ta soya, ta daka, ta matse, ta kawo tunkuza cike da ƙwarya.

Gaskiya dai Kurege ya iya hannu, ba zan cuce shi ba. Ya nuna wa yara yadda ake mulmulawa, a ja ƙafa huɗu, a ɗora tozo. Da Cindo ya kawo ƙaya zai yi ƙaho, Kurege ya yi wuf ya karɓe, ya ce ƙaya ba ta da kyau ga lafiya, a sa ƙwayar gyaɗa. Jatau ya gina ƙaton sa mai ƙafa uku. Na Cindo ya fi kama da kwaɗo. Delu ta gina 'yar saniya, kanta ya fi jikinta girma, ta sa mata suna Gimbiya. Aka jera su a faifai, aka kai rana.

Kurege ya ɗaga yatsa ya ce, "Ga dokar sana'a. Abin da aka shanya, ba a taɓawa, ba a kallo, sai ya bushe. Ku maimaita."

Suka ce, "Ba a taɓawa, ba a kallo, sai ya bushe!"

Duk suka koma bayan ɗaki, har da uwar. Kurege ya zauna, ya fara da san Jatau, ya bi da kwaɗon Cindo, ya rufe da Gimbiya, ya lashe faifai tas.

Da suka dawo suka ce, "Malam, ina shanunmu?"

Ya ce, "Sun tafi kiwo. Saniyar da aka gina da kyau ai ba ta zama a faifai. Kun iya, yara, wallahi kun iya!"

Jatau da Cindo suka hau tsalle. Kura ta matso, ta rage murya ta ce, "Za su dawo kuwa?"

Ya ce, "Da maruƙa ma. Kowace ta yi ɓul-ɓul, sai kin rasa inda za ki ɗaure."

Yawu ya tsinke wa Kura. Ta ce gobe ƙwarya biyu za ta kawo.

Washegari a soya, a daka, a matse, a gina, a shanya. Shanu suka tafi kiwo. Wanshekare a soya, a daka, a matse, a gina, a shanya. Shanu suka tafi kiwo. Rumbu yana ta ramewa, kumatun Kurege suna ta sheƙi.

Delu ce kawai ba ta tsalle. Kullum ta gina sabuwar Gimbiya, kullum Gimbiya ta tafi ba ko sallama. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta ƙi cin tuwo. A rana ta huɗu, bayan an jera shanu, ta ce wa yayyenta, "Ni dai ba na so tawa ta tafi. Mu yi musu shinge."

Suka kwaso kara suka kafa kewaye da faifai, suka jera ƙaya a sama, suka bar 'yar ƙofa. Delu ta kwaɓa farar ƙasa, ta shafe karan ƙofar, hagu da dama, don shingen ya yi kyau.

Kurege ya dubi ƙofa, ya dubi ƙugunsa, ya ce, "Madalla! To ku tafi, kun san doka."

Ya shige sumul. Shanu goma sha biyu ne ranar, bai bar ko kofato ba. Ya juyo zai fita, kai ya wuce, kafaɗa ta wuce, ciki ya ce bai san zancen ba. Ya ja, ya murɗa, ya yi nishi, kara ya matse shi ta nan, ya matse shi ta can. Da ƙyar ya fito, da wata 'yar ƙara, "Ƙiiii!" Sai ga su sun sheƙo a guje.

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Sun tafi kiwo."

Delu ta dube shi, ta dubi ƙofa. Ta ce, "Inna, kalli jikin Malam. Ga farar ƙasata nan, layi biyu. Kuma ga ƙahon Gimbiya a gefen bakinsa."

Kura tana da jinkirin fahimta, amma in ta fahimta hannunta yana da sauri. Caraf ta damƙe wutsiyarsa.

Ta ce, "Gyaɗata tana cikinka, kai kuma za ka shiga cikina. Ka ga ba a yi asara ba."

Kurege ya dubi farar ƙasar da ke jikinsa. Ya ce, "Gaskiyarki, ranki ya daɗe, na ci amana. Sai dai farar ƙasar nan ɗanya ce. Wanda ya haɗiye ta ɗanya, hanjinsa liƙewa yake yi, shi da nama har abada. Ki shanya ni tukuna."

Kura ta tuna nama, sai ta dakata. Ta ɗora shi a faifai a rana, ta tsugunna a gabansa ta ce, "Wannan karon idona yana kanka."

Jatau ya ce, "Inna, ba a kallo!"

Ta ce, "Rufe min baki."

Cindo ya ce, "Doka ce, Inna, ba zai bushe ba!"

Kafin ta ankara sun ɗare bayanta, ɗaya ya rufe mata idon dama, ɗaya na hagu, suna rerawa, "Ba a taɓawa, ba a kallo, sai ya bushe!" Ta yi ta girgiza, sun liƙe kamar kaska. Da ta samu ta yakice su, faifai wayam, sai ƙura can bakin jeji.

Delu ta tafa hannu ta ce, "Inna, Malam ma ya tafi kiwo!"

Gyaɗa dai ta ƙare, dole aka koma laka. Delu ta gina Gimbiya, ta sa mata ƙaho da ƙaya, ta shanya. Da gari ya waye ta ruga ta duba, ga Gimbiya nan tsaye a faifai da ƙaton kanta, ko motsi ba ta yi ba. Ranar Delu ta ci tuwo har da neman ƙari, Kura kuma ta yi barcin rana ba wanda ya hau ta.

Shi kuwa Kurege ya yi wanka a rafi, ya goga jiki da yashi, farar ƙasa ta ce ta zauna ke nan. Har gobe in kun gan shi yana tsallake hanya, ku dubi gefensa, zanen Delu yana nan, layi biyu.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Ba don layin nan biyu ba, da kun ce ƙarya na shirga muku. Duk wanda zai ci shanun mutane, ya auna ƙofa da cikin da zai fito da shi, ba wanda ya shiga da shi ba.