Tanimu Mai Gyaran Wuta a Zauren Hakimi

Taransifomar gari ta ƙone, zafi ya ishi Hakimi, sai ya sa aka kirawo Tanimu mai gyaran wuta.

Hakimi ya ce, "Ban yarda da janareto ko batir ba. Ka kunna mini wani abu a zauren nan yanzu, ko ka bar garina."

Tanimu ya dubi fanka, ya dubi Hakimi, ya gyara durƙuso.

"Ranka ya daɗe, a kasuwa cewa ake uwargidanka Hajiya ke yanke hukunci, kai sanarwa ce taka."

Hakimi ya miƙe zumbur yana surfa zagi, har rawani ya kwance.

Tanimu ya juya ga fadawa. "Ku shaida, ya kunnu. Kashewar ce ban iya ba."

Hakimi ya buɗe baki zai yi magana, sai kuma ya ɗauke wuta.