Lasisin da Aka Ara na Sati Biyu

Akwai wani mai gasa gurasa a ƙauyenmu, nan kusa da birnin Kokand na ƙasar Uzbekistan, sunansa Mirzohid. Na san cikin masu bibiyar shafin nan akwai waɗanda suka ci gurasarsa. Mutum ne da ko ƙafarsa ka taka, shi zai riga ka ba da haƙuri.

Tun yana ɗan shekara goma sha tara ya yi lasisin tuƙi, irin na da ɗin nan na takarda, mai ɗan hoto baƙi da fari manne a gefe. Amma daga nan bai sake taɓa sitiyari ba, don mahaifinsu ya rasu, tanderu ya dawo hannunsa.

Ƙanensa Davron kuwa sau biyu yana faɗuwa jarrabawar tuƙi. Wata rana ya zo yana sosa ƙeya, ya kira shi da Aka, wato yaya a yarenmu, ya ce, "Aka, ara mini takardarka na sati biyu mana. Ai kamarmu ɗaya, wa zai gane?"

Yayan ya miƙa masa. Sati biyun nan shi ne ya zama shekara ashirin da biyu. Da takardar Davron ya ja motar haya ƙirar Damas, ya gina gida mai bene, ya ajiye tumbi. Hoton ya koɗe har ba ka ganin komai sai kunnuwa biyu da hula.

Ana nan sai ciwon ƙoda ya kama Sanobar, matar Mirzohid. Likita ya ce sau uku a sati za a riƙa yi mata wankin ƙoda a asibitin birni, Talata da Alhamis da Asabar, kuma kada a kuskura a tsallake ko ɗaya. Tafiyar awa guda ce daga ƙauyenmu.

Da farko Davron ya riƙa kai su. Bayan wata guda aka fara: yau taya ta sace, gobe fasinja sun riƙe shi. Wata rana ma a mararrabar gonakin auduga ya sauke su, don ya samu 'yan kasuwar da za su cika masa mota. Baiwar Allah nan ta yi awa biyu zaune a kan dutse cikin rana, ƙafafunta a kumbure.

A satin nan Mirzohid ya sayar da saniyarsu da maraƙinta, ya sayi tsohuwar mota fara ƙirar Matiz. Maƙwabci ne ya tuƙo masa ita har tsakar gida. Sanobar ta yi murna kamar yarinya. Ta zauna ta ɗinka matashi ja, ta ɗora a kujerar gaba, ta ce, "Baban Nilufar, nan ne wurina. Ko 'yarka ban yarda ta hau ba."

Mirzohid ya je wurin Ergash, dattijon da ke koya wa mutane tuƙi. Ergash ya ce, "Sunanka yana cikin masu lasisi, ba zan ɗauke ka a sabon ɗalibi ba. Kuma ni ba na hawa titi da wanda ba takarda a aljihunsa. Je ka sabunta tsohuwar, su ba ka ta kati. Ka ba ni sati shida in mayar da kai direba."

Sati shida kawai, jama'a. Ku riƙe wannan.

Ya tarar da Davron a gidan shayi, kishingiɗe cikin direbobi, ana jiran a sauke shinkafar osh. Ya sunkuya ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Ƙanena, takardar nan nake so. Zan sabunta ta in koyi mota."

Davron ya ajiye kofin shayi ya ƙyalƙyale da dariya. "Ku zo ku ji! Aka zai ja mota! Aka, sitiyari fa ba ƙullun gurasa ba ne da za ka mammare shi ka manna a bango. So kake ka ƙarasa mana matar yaya a kwalbati tun ciwon bai ƙarasa ta ba?"

Direbobi suka bushe da dariya. Wani har da ƙwarewa da shayi.

Ba wai Davron bai gane ba ne. Ya sani sarai ranar da aka buga katin, da sabon hoton yayansa mai furfura, ranar ce tsohuwar takardar za ta mutu, shi kuma ya zama direban da bai taɓa cin jarrabawa ba. Sai ya zaɓi ya mayar da yayansa abin dariya.

Da Ergash ya ji labari, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kai ma da sanyin jiki kake. Je ofishin lasisi ka faɗa musu inda takardar take, su soke ta su ba ka sabuwa."

"Kama shi za su yi, Ergash-aka. 'Ya'yansa huɗu."

Sanobar ma ta ce, "Bi shi a hankali, jininka ne. Zai kawo."

Haka aka yi ta bi a hankali tun furen bazara har aka gama tsinkar auduga. Sau tara Mirzohid yana zuwa gidan ƙanensa. Wani lokaci a ce ba ya nan, alhali ga Damas a ƙofar gida. Duk Juma'a yana wanke Matiz, ya kaɗe matashin, ya rufe ƙofa.

Sai wata Asabar aka yi babban biki a ƙauyen. Kun san halinmu, ranar ɗauko amarya duk abin da ke da taya huɗu sai ya shiga jerin gwano, amaryar kuma a can garin Margilon take. Davron ya rantse da kabarin mahaifinsu cewa ƙarfe bakwai na safe zai zo ya kai su asibiti. Bakwai ta yi, takwas ta yi. Mirzohid ya buga masa waya.

Ana jin kiɗa a bayansa. Davron ya ce, "Haba aka, an ƙawata motata da furanni, in kwance in ɗauki mara lafiya? Ba kana da mota a gida ba? Ja mana, direba!" Ya kashe wayar.

Mirzohid ya shiga Matiz, ya murɗa makulli. Motar ta yi tsalle ɗaya ta daki bangon tanderu ta mutu. A ƙarshe a bayan tarakta aka kai Sanobar bakin babban titi. Kafin su isa asibiti la'asar ta yi, an ɗora wasu a kan na'urorin. Aka ce su dawo Talata.

Ba ta ga Talatar ba. Ranar Litinin da hantsi numfashi ya gagare ta, ta cika a cikin motar asibiti kafin a kai mararraba.

Wallahi ina wurin jana'izar. Davron ya sha ɗamara a ƙofar gida, kukansa ya fi na kowa. Ni dai kasa kallonsa na yi.

Bayan sadakar arba'in sai ga shi ya zo bakin tanderu, ya ɗauki gurasa mai zafi yana ci. Ya ce, "Aka, ana ta cewa za a daina karɓar tsofaffin takardu. Tunda yanzu ba ka da wanda za ka kai asibiti, ba ni fasfonka in je a sabunta da hotona. Kai me za ka yi da ita kuma?"

Mirzohid ya juya ya ci gaba da cire gurasa daga tanderu.

Washegari bai kunna tanderu ba. Ya sa tufafin sallarsa ya tafi ofishin. Ma'aikaciyar ta ce, "Ina tsohuwar takardar?"

Ya ce, "Tana aljihun ƙanena. Shekara ashirin da biyu yana tuƙi da sunana, kuma ni na ba shi da hannuna."

Maganar da ya kasa yi wata bakwai, ko minti ɗaya ba ta ci ba. Shi ma ya sha tambayoyi da hukuncin nasa laifin, amma aka soke takardar, aka ɗauke shi hoto. Ba a rufa sati biyu ba aka tsayar da Davron a hanya da fasinja cike. Aka ƙwace motar, aka kai shi kotu. Yanzu baro yake turawa a kasuwar Kokand, direbobin da suka taya shi dariya suna yi masa hon ya kauce.

Ergash bai yi ƙarya ba, a sati shida Mirzohid ya iya mota. Duk Talata da Alhamis da Asabar yana kai marasa lafiyar ƙauyenmu asibiti, ba ya karɓar ko sisi.

Wata rana ana ruwa yana dawowa shi kaɗai, sai ya hango mutum zaune a kan dutsen nan na mararraba, ya jiƙe sharkaf. Davron ne, motar ƙauye ta wuce ta bar shi. Mirzohid ya taka birki. Davron ya taso da gudu ya buɗe ƙofar gaba.

"Baya," in ji Mirzohid.

"Aka, ai ba kowa a gaban."

Mirzohid ya miƙa hannu ya gyara jan matashin. Ya ce, "Da mai shi."

Ya kai shi har ƙofar gidansa. Daga ranar zuwa yau bai sake ce masa ko kalma ɗaya ba.

Darasi: Abin da aka ara maka don a rufa maka asiri, ka mayar ranar da mai shi ya nema, kada ka saka masa da izgili. Kai kuma mai kawaici, idan shirunka zai cutar da wanda ke ƙarƙashin kulawarka, ka yi magana tun tana da amfani. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke riƙe da haƙƙin ɗan uwansa a aljihu yau.