Ranar da Doki Ya Roƙi Ƙasa Ta Tsage

Dalilin da ya sa kuke ganin doki yana tsaye a turke, kai a sunkuye, yana ta tonon ƙasa da kofato, ba yunwa ba ce, yara, ba kuma ƙuda ne ke damunsa ba. Ku matso ku ji.

A zamanin da, Doki da Jaki a fadama ɗaya suke kiwo, a bakin wani gulbi. Tare suka tashi. In ɗaya ya sami ciyawa mai laushi, ba ya sa baki sai ya kira ɗan'uwansa. In ƙaiƙayi ya kama Doki a gadon baya, Jaki ke sosa masa da haƙora.

Ana nan sai Doki ya kamu da son wata goɗiya a tsallaken gulbi. Danginta kuwa dawaki ne masu ji da kansu. Da aka aiko masa ya zo gaisuwa, Jaki ya ce shi zai ɗauki kayan: damin harawa biyu, da buhun dusa, da kanwa. Doki ya wuce gaba, bayansa ba komai, don kada gumi ya ɓata masa gashi. Wajen ƙetare gulbi nauyi ya danna Jaki cikin taɓo har ciki, da ƙyar ya fita.

Suka tarar da dangin sun taru a inuwar wani gawo. Tun daga nesa Doki ya ji ana dariya ƙasa-ƙasa, ana nuna dogayen kunnuwan Jaki da taɓon da ke jikinsa. Bayan an gaisa, kawun goɗiyar ya tambaye shi ko wane ne wannan da ke biye da shi.

Doki ya dubi masu dariya, ya ce, "Ɗan dako ne, Kawu. A hanya na tsince shi."

Jaki ya durƙusa, ya sauke kaya a hankali.

Sai uwar goɗiyar, wata tsohuwa da furfura ta cika wa fuska, ta tako gaba. Ta ce ai su sun san wannan ɗan dakon. Sau uku yana ƙetaro gulbi shi kaɗai yana nema wa Doki auren nan. Da farko sun ƙi, domin ba su san halin Doki ba. Shi ya yi ta rantsuwa cewa tun suna ƙanana ya san shi, bai taɓa ganin ya juya wa nasa baya ba.

"Maganarsa muka riƙe," in ji ta, "muka ce ka zo."

Doki ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya kasa duban tsohuwa, ya kasa duban Jaki. Ya sunkuyar da kai, ya shiga bugun ƙasa da kofato yana tono, yana roƙonta a zuci ta tsage ya shige. Ƙasa kuwa ta ƙi.

Kawun ya ce a kwashe kayan a mayar. Sai Jaki ya sake durƙusawa gaban tsohuwa.

"Inna, kada a hana shi saboda ni. Baƙunta ce ta ruɗe shi."

Albarkacin wannan magana aka ba Doki matar. Da duka Jaki ya yi masa, da ya fi masa sauƙi.

Suka koma fadama suka ci gaba da kiwo. Jaki bai taɓa tayar da zancen ba, kullum da safe sai ya gaishe shi kamar da. Doki kuwa sau da yawa yakan matso don ya nemi gafara, amma da sun haɗa ido sai ya fasa, ƙafarsa ta kama tono.

Shi ya sa har yau doki ke tonon ƙasa. Gafarar ce bai nema ba har yanzu, ƙasa kuma ba ta tsage ba.