Misalin Na'urar da Ke Cewa Lafiya

Ni Damaris Irmiya na rasa miji, na rasa ɗakin da ya gina mini da hannunsa. Abin da na samu kuwa babbar waya ce, wadda ɗana Gidiyon ya aiko daga Abuja. Karatuna bai yi nisa ba, amma tunda an ba ni ajin Lahadi na mata yau, sai ku saurara.

Akwai wani mutum da ke da na'urorin sadarwa a ƙauyuka da yawa. Da can yakan hau babur ya duba kowacce. Daga baya ya koya musu yare ɗaya, ya zauna a birni, kwamfutarsa tana bin su da tambaya: "Kina aiki? Akwai wuta? Jikinki da zafi?" Su kuma su amsa. Daga kujerarsa yake kashe wadda ya so, ya kunna. Ya kuma ce musu, "Wadda ta ga matsala ta yi ƙara, kada ta jira tambaya." Irin aikin Gidiyon ke nan, a bakinsa na ji.

To, akwai wata na'ura a kan tudu, ruwan sama yana yoyo cikin akwatinta. Ruwa ba ya cikin tambayoyin maigida. Ita kuma ba ta saba kai ƙara ba. Kullum sai ta ce aiki lafiya, wuta lafiya, har ranar da aka tambaye ta aka ji shiru. Da maigida ya zo ya buɗe akwatin, sai tsatsa.

Ya ce, "Me ya hana ta faɗa?"

Wata tsohuwa da ke wucewa ta ce, "Kai me ya hana ka zuwa?"

Ma'anar misalin nan ita ce, maigidan 'ya'yanmu ne, da ku 'yan zumunta masu gaisuwa ta waya. Na'urar ni ce. "Mama, ya jiki? Kin ci abinci?" Lafiya lau, na ci. Ba wanda ya tambayi labarin rufin ɗakina da ke yoyo. Ni kuma da na sha kan dillalan kasuwar barkono ba zan buɗe baki in yi roƙo ba. Damina ta cinye katanga, ɗakin ya zube a kan akwatin mijina Irmiya da hotunansa. Ubangiji kam bai tsaya a sama yana tambayar lafiyarmu ba, saukowa ya yi.

Da Gidiyon ya zo, sai ya ce zai sa mini kyamara a tsakar gida.

Na ce, "Ka sa wa kajinka."

Muka zauna ciniki. Na ce ya riƙa zuwa duk wata. Ya ce, "Haba Mama, aiki fa." Na sauko zuwa sau biyu a shekara, lokacin shuka da na girbi, ya sunkuyar da kai yana taɓa waya. A ƙarshe ga yadda aka sallama: zai zo da Kirsimeti ya hau rufin ɗakin da ya rage mini da ƙafarsa, ni kuma in daina cewa lafiya lau idan ba lafiya. Na karɓa. Tun da nake kasuwa ban taɓa sakin kaya da arha haka ba.