Tuwon da Baba Nomau Ya Ƙi Ci

Ku gyara zama, mai surutu kuma ya fita waje, don ba a yin zancen jinya ana wasa.

A Kwarin Marke an yi wani manomi, Baba Nomau, wanda ɓarin jikinsa ya shanye bayan rasuwar matarsa. 'Yarsa ta fari, Ladingo, ta kife tukunyar daddawarta ta dawo gida jinya. Ita ke ɗaga shi, ita ke kai shi bayan gida, ita ke wankin shimfiɗa. Mutane su leƙo su ce, "Sannu, Allah ya ba da lada," su wuce. To, sannu dai ba ta ɗaga mutum.

Kun san kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi Ladingo uban bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan", ita ma ba ta haɗa ido da shi. Da bayanta ya fara ciwo, har sai ta dafa bango take miƙewa, ba ta da bakin faɗa masa. Shi kuwa yana gani, amma ba shi da bakin cewa ta huta. Sai ya yi dabara irin ta masu taurin kai: wanda bai ci ba bai sha ba, ai ba a ɗaga shi zuwa bayan gida. Ya kulle bakinsa. Ta tuƙa tuwo, ya kau da kai. Ta dama kunu, ya rufe ido. Ladingo ta ɗauka fushi yake da ita, ta ƙara zage damtse. Shi yana ramewa saboda ita, ita tana karyewa saboda shi.

Ana nan sai taubashiyarsa, Goggo Tabawa, ta zo dubiya. Tsakanin taubasai kuwa babu kunya.

"Nomau, bawana, rowar taka ce ta kai har kana yi wa cikinka?"

"Tafi can, tsohuwar banza. Haƙoranki ma sun gudu sun bar ki."

"Sun gudu, amma ina cin tuwo. Kai fa?"

Ta yi ta tsokanarsa har hawaye suka zubo masa, ya ce, "Ina jin nishin yarinyar nan duk sanda ta ɗaga ni. Muddin ita ce mai ɗagawa, loma ba ta ƙara shiga bakina." Ladingo na tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu, sai ta zauna a ƙasa. Tabawa ta fita ta baza maganar, ba ta rage komai ba.

Maganar ta iske ƙanen Ladingo, Sallau, ɗan acaba a birni. Babur ɗin nan shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Ya sayar da shi, ya sayo keken guragu da katifa mai leda, sauran ya ware don a kai yayarsa asibiti, shi kuma ya koma dako a kasuwa. Amma Ladingo ta ce ba inda za ta. In ta tafi, wa zai ɗaga tsoho?

Sai maƙwabcinsu Barmo, mai kiran gayya, ya sa aka buga ganga da tsakar rani. Maza suka fito da fartanya suna tambaya, "Ina gonar?"

"Gonar tana kwance a ɗaki," in ji Barmo. "Wa Nomau bai yi wa noma ba a cikinku, lokacin da yake da ƙafa?"

Wani ya ce ba a taɓa gayyar jinya ba. Barmo ya ce to yau za a fara, ya naɗe hannun riga, shi ya fara yi wa tsohon wanka. Daga nan aka raba kwana gida-gida, maza su ɗaga su wanke, mata su aiko da abinci. Ran nan Baba Nomau ya buɗe baki ya sha kunu, Ladingo kuma ta yarda ta tafi asibiti.

Likita ya ce da ta ƙara jinkiri kaɗan, da shimfiɗa biyu za a yi a gidan. Da ta warke ta dawo, tana tafe a miƙe, ta tarar da ubanta a kan keke ƙarƙashin marke, yana cin tuwo yana faɗan miyar gidan Barmo ba gishiri. Ta shiga ɗaki ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Da ta tashi, tsohon ya dubi bango ya ce, "A gaya wa yarinyar nan, gidan nan da gona nata ne. Karsanata kuma ta ba wanda ya sauke mata nauyin jinyar nan."

Ladingo ta kama igiyar karsana, ta tsaya a ƙofar gida. Ba don bakin Tabawa ba, da an binne tsoho ba a san abin da ya kashe shi ba. Ba don babur ɗin Sallau ba, da bayanta bai ga magani ba. Ba don gangar Barmo ba, da tsoho bai ci ba, ita ma ba ta tafi ba. Karsana kuwa ba a raba ta uku tana da rai.

To, ku masu baki, ƙofar wa Ladingo za ta ja igiyar nan?