Mutumin da Ya Ƙi Ɗaukar Hoto Ɗaya

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba, ana ce masa Malam Tanimu. Ba likita ba ne, ba farfesa ba ne. Aikinsa a ɗakin bincike shi ne ya zauna gaban madubin nan mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma, ya duba, ya rubuta abin da ya gani. Shi ke nan.

Ku saurara ku ji ikon Allah. Jikin nan naku ƙwayoyi ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Cikin kowace ƙwaya akwai dogon zare mai ɗauke da gadon halittarka. Da an bar shi sake, da ya cukurkuɗe. Sai Allah Ya yi masa abin naɗi kamar kwarkwaron masaƙa, masana suna ce masa histon. In mutum ya tsufa sai waɗannan su ragu, naɗin ya saki, abin da ya kamata ya zauna a rufe ya buɗe. Abin da Tanimu ke dubawa ke nan.

To, shugaban wurin, Farfesa Maikano, ya haɗa wani magani, ya ce zai gyara naɗin, tsoho ya koma garau. Tsofaffi arba'in suka sha. Tanimu ya duba ƙwayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Talatin da tara ba abin da ya canza. Na mutum ɗaya ne kawai suka yi kyau.

Farfesa ya ce, "Malam Tanimu, ɗauki hoton wannan ɗayan. Sauran ka bar su."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, arba'in na duba."

"Na ce maka ɗaya nake so."

"Ranka ya daɗe, akwai tsofaffin da suka ajiye maganin hawan jininsu saboda wannan. Ba zan iya ba."

Ba a kore shi ba, jama'a. Da korar ma ta fi sauƙi. Sito aka mayar da shi, can bayan gini, yana wanke kwalabe. Waɗanda suke cin abincin rana tare suka sake inuwa. In ya yi sallama sai a amsa ciki-ciki. Ya ci shi kaɗai, ya yi alwala shi kaɗai. Wallahi abin ya yi masa ciwo, har ya kan yi kuka, kada ku ɗauka dutse ne. Shekara takwas yana haka. Maganin kuwa ya mutu da kansa, amma ba wanda ya zo ya ce masa yi haƙuri.

Ana nan, Farfesa ya kwanta ciwo. Aka yanki ɗan nama a jikinsa aka duba. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ai da sauƙi, ranka ya daɗe." Shi kuwa ya san su, shi ya koya musu. Ga ɗaki cike da mutane, ba ko ɗaya da zai iya yarda da maganarsa.

Sai ya aika sito.

Tanimu ya duba naman, ya daɗe yana dubawa, sannan ya zo bakin gado.

"Me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, ciwon ya yi nisa. Ka kira 'ya'yanka."

Farfesa ya riƙe hannunsa, ya ƙi saki. Ya ce, "Zauna. Don Allah kada ka tafi." Ya zauna.

Jama'a, mai gaskiya yana shan kaɗaici, ba zan ɓoye muku ba. Amma wanda ya kori masu gaskiya daga kusa da shi, kaɗaicinsa ya fi muni, don ranar da yake bukata yake zuwa masa. Kowa a nan akwai wanda ya daina yi wa magana don ya faɗa masa abin da ba ya son ji. Ka san shi, ka san gidansa. Ka je yau, tun da ƙafarka, kafin sai ka aika.